Maganin murar tsuntsaye na mai kaza ne, ba na kaza ba

Wani hunturu da ya wuce, maƙwabcina mai kiwon kajin ƙwai a bayan gidansa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa tun kafin a idar da sallar asuba. Hannunsa riƙe da wata 'yar leda mai farin gari a ciki, babu suna, babu lambar hukuma, sai wasu rubuce-rubuce da ba na Turanci ba, ba na Larabci ba. Ya ce, "Malam, duba mini wannan, an ce maganin bairos ne." Kajinsa sun fara mutuwa kwana biyu kafin nan. Ba irin mutuwar da ya saba gani ba ce, wadda kaza za ta yi kwanaki tana gyangyaɗi kafin ta faɗi. Waɗannan da daddare suna ci suna sha, gari na wayewa ya tarar da su zube, zankonsu ya yi shuɗi, fuska a kumbure. Mai shagon magungunan dabbobi da ya sayar masa da garin ya ce da shi, "Alhaji, wannan ɗan waje ne. Zuba musu a ruwa, kwana uku sun miƙe."

Ba su miƙe ba. Na ba shi shawarar ya kira likitan dabbobi na gwamnati, sai ya dube ni kamar na ce ya kai kansa caji ofis. Kafin azahar ya kira 'yan kasuwa sun kwashe waɗanda ke da sauran numfashi a kan rabin kuɗi. Inda suka kai su, da wanda ya fige su, da wanda ya ci su, Allah kaɗai ya sani.

Ledar nan ce take faɗo mini a rai duk lokacin da na ji labarin masana na ƙoƙarin samar da sababbin magungunan yaƙi da ƙwayoyin bairos masu kama numfashin tsuntsaye da na mutane. Aiki ne mai kyau, ina kuma fatan Allah ya ba su sa'a. Amma ra'ayina shi ne, duk maganin da aka samu a ajiye shi domin mutum, kada ko ƙwaya ɗaya ta shiga mazubin ruwan kaji. Wanda zai ji wannan ya ce na fifita ɗan Adam a kan dukiyar talaka, to ya ɗan saurara, domin an taɓa gwada ɗaya hanyar, mun kuma ga inda ta ƙare.

Da farko dai, magungunan nan ba su da yawa, kuma akwai dalili. Ƙwayar bakteriya, irin mai haddasa taifod, halitta ce mai zaman kanta. Tana da katangarta, tana da kayan aikinta, don haka akwai wurare da dama da magani zai same ta ba tare da ya taɓa jikin mutum ba. Bairos kuwa ba shi da komai sai 'yar takardar umarni a cikin kwanso. Shiga yake yi cikin ƙwayar halittar jikinka ya mayar da ita masana'antarsa. Ɓarawo ne da ya shiga ɗakinka ya kwanta a kan gadonka ya lulluɓa da bargonka. In ka kai masa sara, da wuya ka bar gadon lafiya. Shi ya sa a kemis za ka ga kanta cike da maganin kashe bakteriya iri-iri, amma na bairos ɗin mura 'yan kaɗan ne.

Waɗannan haruffa da muke ji a rediyo, H5N1, sunan wani nau'in bairos ɗin murar tsuntsaye, ba ado ba ne. Harafin H sunan wani ƙugiya ne a jikin bairos ɗin da yake maƙale wa ƙwayar halitta ya buɗe ta ya shiga. Harafin N kuma wani almakashi ne da sababbin 'ya'yan bairos ke yanke igiyar da ta riƙe su, su fita su kama na gaba. Akwai kuma wata 'yar kafa a jikin kwanson da dole ta buɗe kafin bairos ya tuɓe ya fara aiki a ciki. Magungunan da aka fara samu ɗayan waɗannan wurare suke nufa.

Na farko da aka samu shi ne amantadine, wanda Amurka ta amince da shi a 1966. Aikinsa toshe waccan 'yar kafa. Yana da arha, ƙwaya ce da ake haɗiya, ba ya buƙatar firiji, wato irin maganin da ƙasashe irin namu za su iya saya su ajiye. A watan Yunin 2005 jaridar Washington Post ta fallasa cewa manoman kaji a ƙasar Sin sun shafe shekaru suna zuba shi a ruwan shan kajinsu, tun daga ƙarshen shekarun 1990. Dalilinsu shi ne dalilin maƙwabcina, suna neman tsirar da jarinsu. Amma bairos ɗin mura yana yin kuskure sosai wajen kwafar kansa, kuma a cikin akurki mai dubban kaji, ana kwafar sa sau biliyoyi a rana. In ka ba su magani kaɗan-kaɗan kullum, raunanan za su mutu, wanda kuskuren kwafi ya sa ya canja siffar kafarsa shi zai rage ya hayayyafa. Lokacin da H5N1 ta fara kashe mutane a Biyetnam da Tailan a 2004, an tarar amantadine ba ya yi mata komai.

Don adalci, ba kaji kaɗai suka kashe wannan magani ba. Murar mutane ta yau da kullum ita ma ta bijire masa, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a daina ba da shi a watan Janairun 2006, bayan an ga fiye da kashi 90 cikin ɗari na samfurin da aka gwada ba sa jin sa. Amma duk wanda ya duba abin da hukumomi suka yi a lokacin ya san sun tsorata. Sin ta haramta ba dabbobi shi, Amurka kuma a 2006 ta haramta ba kaji da talo-talo da agwagi duk wani maganin murar mutane. Ihu bayan hari ne a kan amantadine, amma an yi shi ne domin a tsirar da wanda ya rage.

Wanda ya rage ɗin shi ne oseltamivir, wanda duniya ta fi sani da sunan Tamiflu. Kamfanin Gilead ne ya ƙirƙiro shi, Roche na Suwizalan ya karɓi lasisin, aka fara sayar da shi a 1999. Shi almakashin nan yake dakushewa. Wani abin sha'awa, a shekarun farko sinadarin da ake haɗa shi daga wani kayan ƙamshi ake tatso shi, wani ɗan itace mai siffar tauraro da ake nomawa a kudancin Sin ana sa shi a miya. Da tsoron murar tsuntsaye ya kama duniya a 2005, sai da aka shiga fargabar ƙarancin wannan ɗan itace. Kada wani ya ji haka ya tafi kasuwar Kurmi neman sa ya jiƙa ya sha. Tsakanin ɗan itacen da ƙwayar maganin akwai matakan haɗi masu yawa a masana'anta, jiƙonsa shayi ne kawai.

Tamiflu ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne, kuma masana sun yi ta jayayya a kansa. A 2014 ƙungiyar masu bitar bincike ta Cochrane, bayan ta shafe shekaru tana fafutukar a ba ta cikakkun bayanan gwajin da kamfanin ya riƙe, ta ce a murar yau da kullum abin da yake rage wa babban mutum na jinya bai kai kwana ɗaya ba. A lokacin Birtaniya ta riga ta kashe fam miliyan 424 wajen tara shi. Wasu suka ce an yi asarar kuɗi. Ni ban yarda gaba ɗaya ba. Murar da za ta kwantar da kai kwana biyar ka tashi daban take da wadda ke cinye huhu. Daga 2003 zuwa ƙarshen 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da mutum fiye da 900 da suka kamu da H5N1, kusan rabinsu kuma sun mutu. Likitocin da suka kula da irin waɗannan marasa lafiya sun ga cewa waɗanda aka ba maganin da wuri sun fi tsira. A irin wannan hali ba a raina sanda don ba bindiga ba ce.

Shi ma ɗin ba a tsare yake ba. A hunturun 2007 zuwa 2008 aka fara lura a Norwe cewa wani nau'in murar mutane ya daina jin Tamiflu, cikin shekara guda kuma wannan nau'i ya bazu duniya. Sauyin harafi ɗaya ne kacal a cikin takardar umarnin bairos ɗin. Akwai 'yan'uwansa, zanamivir da ake shaƙa da peramivir da ake yi ta jijiya, amma ba su yaɗu ba. Sai a 2018 aka samu wani na daban, baloxavir, daga kamfanin Shionogi na Japan, wanda sau ɗaya ake shan sa, yana hana bairos satar wani ɗan guntu daga saƙonnin ƙwayar halittarmu da yake buƙata kafin ya fara kwafar kansa. Tun a wurin gwaji aka ga bairos na kauce masa a jikin wasu marasa lafiya, musamman yara. Wato a cikin fiye da shekara hamsin, kibau iri uku ɗan Adam ya ƙera, ɗaya ta karye, biyu kuma sun fara tsagewa.

Yanzu a kawo wannan lissafi gida. Mu mutane ne da muka mayar da kafso ja-da-yalo tamkar gishiri. Kaza ta yi sanyi, a fasa mata a ruwa. Yaro na gudawa, a ba shi. Masu gidajen gona da yawa suna zuba maganin kashe bakteriya a ruwan 'yan tsaki tun ranar da aka kawo su, ba don suna ciwo ba, sai don kada su yi. A kasuwanninmu babu maganin da kuɗi ba ya saye ba tare da takardar likita ba. Ranar da maganin bairos mai arha ya shigo wannan kasuwa, aka kuma ji labarin ya tayar da kajin wani a Gezawa ko Zariya, wallahi ba hukumar kula da magunguna ta NAFDAC ba, ko soja aka sa ba za su hana shi shiga akurki ba.

Kuma ba zan zargi mai kaji ba, domin na tuna 2006. A watan Fabrairun shekarar aka tabbatar da H5N1 a karon farko a nahiyar Afirka, a wata babbar gona da ke Jaji a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, inda dubban kaji suka mutu. Kafin wata ya ƙare ta bayyana a Kano da Filato, ta kuma tsallaka Magariya a jihar Damagaram. A watan Janairun 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu a Legas sanadiyyarta. Gwamnati ta zaɓi hanyar kashe kaji da binnewa, ta sa diyyar naira 250 a kan kowace kaza, kuɗin da bai kai abin da mai ita ya kashe wajen rainonta ba, kuma a kan waɗanda jami'ai suka kashe ne, ban da waɗanda cutar ta riga ta kashe. Daga baya an ƙara kuɗin, amma darasin ya riga ya zauna a zukatan masu kiwo: in ka kai rahoto, za a zo da fararen kaya a kashe maka komai, a killace gonarka, ka yi ta zarya kana jiran kuɗin da ba ka san ranar zuwansu ba. In ka yi shiru ka sayar da sauri, ka tsira da rabi. Cutar ta sake dawowa a 2015, ta kuma dawo a 2021, kuma har yau lissafin da ke kan mai kaji bai canja ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Saboda haka ni a ganina, kuɗin diyya shi ne mai gadin maganin mutum. In mai kaji ya tabbata cewa kiran likitan dabbobi zai dawo masa da jarinsa cikin makonni, a kan farashin kasuwa na wannan rana, ba zai sayi farin gari a leda ba, ba kuma zai loda wa 'yan kasuwa kaji marasa lafiya da tsakar rana ba. Wannan ba ya buƙatar ɗakin bincike. Asusu yake buƙata wanda ba a taɓa shi, da ma'aikatan da ba za su nemi nasu kason ba.

Akwai masu cewa, to me zai hana a ƙirƙiro magani na tsuntsaye zalla, wanda ba ya kama da na mutane? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ba murar tsuntsaye kaɗai ke damun kaji ba. Annobar Niyukasil da ke share kajin Hausa duk hunturu bairos ce. Ƙwayar korona ta farko da aka gano a duniya ma a jikin kaji aka same ta a Amurka a shekarun 1930, tana haddasa musu ciwon maƙogwaro. Amma matsala biyu nake gani. Wuraren da magani ke iya kamawa a jikin bairos ɗin mura 'yan kaɗan ne, kuma iri ɗaya ne ko a jikin agwagwa yake ko a jikin mutum, don haka bairos ɗin da ya koyi kauce wa na kaza yana iya kauce wa namu. Ta biyu ta fi muni. Kazar da aka ba magani ta daina nuna alamar ciwo tana iya ci gaba da zubar da ƙwayar cutar a kashinta da majinarta. Mutuwar kaji, duk da ɗacinta, ita ce ƙararrawar da ke gaya mana cuta ta shigo. In ka kashe ƙararrawar, kaza mai kyan gani ce za ta shiga keji ta tafi kasuwa.

In dai kariya ake nema wa tsuntsaye, riga-kafi ya fi kusa da hankali, kuma a nan ma Sin ce misali, amma ta fuska mai kyau. Wani nau'i mai suna H7N9 ya ɓulla can a 2013, ya kama mutum fiye da 1,500, ya kashe fiye da 600, galibinsu ta kasuwannin kaji masu rai. A watan Satumban 2017 aka fara yi wa kaji allurar riga-kafinsa a faɗin ƙasar, sai kamuwar mutane ta faɗi kusan babu. An kare mutum ta hanyar kare kaza, ba tare da an taɓa maganin mutum ba. Faransa ma ta fara yi wa agwaginta a watan Oktoban 2023. Sai dai Masar ta fara nata tun 2006, ba tare da cikakken tsari da bibiya ba, cutar kuma ta zauna daram a ƙasar. Najeriya ta daɗe tana ƙin amincewa da wannan riga-kafi, ina kuma ganin lokaci ya yi da za a sake buɗe maganar a fili, da masanan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a kan gaba, tun da su suke gwada samfurin, su ne kuma suka daɗe suna haɗa wa kajinmu riga-kafin Niyukasil.

Saura tambayar da ta fi ci mini rai. A ce an tsare maganin domin mutum, wane mutum? Tamiflu ya fi aiki in an fara shan sa cikin awa 48 da fara jin ciwo. Ka tuna yaron nan mai figar kaji a kasuwa, tsugune a gefen tukunyar ruwan zafi, hannunsa cikin jini da gashi tun safe har magariba, ba safar hannu, ba takunkumi. Shi ne na farko a layi. In zazzaɓi ya kama shi yau, zai je kemis a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro. Bayan kwana uku a ce taifod ne. In numfashi ya fara sarƙe masa a kai shi asibiti, a ce ciwon huhu ne, a ɗaura masa ruwa. Da wuya wani ya tambaye shi sana'arsa. Awa 48 ɗin sun wuce tun yana kan maganin farko. Maganin da ya fi kowanne kyau a duniya, in yana kulle a wani sito a Abuja ko Yamai, bai amfana wa yaron nan komai ba.

A matakin duniya ma haka rabon yake. Da aka kai samfurin bairos ɗin Jaji wani ɗakin bincike a Padoba ta ƙasar Italiya, masaniyar da ke shugabantar wurin, Ilaria Capua, ta ƙi sanya bayanansa a rumbun da 'yan tsirarun cibiyoyi kaɗai ke da mabuɗinsa, ta saka shi inda kowa zai gani. Ta kyauta. Amma a 2007 ministar lafiya ta Indunusiya, Siti Fadilah Supari, ta dakatar da aika samfurin ƙasarta, ta ce ba zai yiwu talakawa su ba da ƙwayar cuta kyauta, kamfanoni su yi magani da riga-kafi da ita, sannan su sa farashin da talakan ba zai iya saya ba. An zage ta sosai, amma rigimarta ce ta haifar da yarjejeniyar 2011 wadda ta wajabta wa kamfanonin da ke amfani da samfurin mura su ware wani kaso domin ƙasashe marasa ƙarfi. Zamanin korona ya nuna mana abin da alkawari ke zama in wuta ta kama gidan kowa. A watan Mayun 2025 ƙasashen duniya sun amince da wata sabuwar yarjejeniyar annoba a Janeba, amma sashen da ya shafi rabon magani da riga-kafi shi ne aka ɗage zuwa gaba. Ban yi mamaki ba.

Bairos ɗin kuma ba jiran mu yake ba. A watan Maris na 2024 aka same shi a jikin shanun madara a Texas, abin da kusan babu wanda ya zata, ya kuma bazu zuwa jihohi da dama, yana taruwa a cikin nonon, yana kama ma'aikatan da ke tatsa. Tafasa madara na kashe shi. Duk wanda ya san yadda kaji da agwagi da zabbi da tumaki ke kwana a tsakar gida ɗaya da yara a garuruwanmu, ya kuma san dubban tsuntsayen da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru duk shekara daga Turai da Asiya, zai gane cewa labarin Texas ba na nesa ba ne.

Abin da nake so in gani ƙarami ne in aka kwatanta da kuɗin ƙirƙiro sabon magani. Duk ranar da aka tabbatar da cutar a wata gona, motar da ta kawo masu kashe kaji ta zo da ma'aikacin lafiya da kwalin Tamiflu, a rubuta sunan duk wanda ya taɓa kajin, a bi shi kwana goma. A sami maganin a manyan asibitocin jihohin da kiwon kaji ya yi ƙarfi, irin su Kano da Kaduna da Filato, a hannun likita, ba a kan teburin kasuwa ba. A koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti ya riƙa tambayar mai zazzaɓi da tari, "Kaji sun mutu a gidanku kwanan nan?"

Maƙwabcina ya sake zuba 'yan tsaki bayan wata uku, da bashin da ya karɓa wurin surukinsa. Rannan na leƙa akurkin na ga sauran farin garin nan a saman katanga, an ɗaure bakin ledar da kyauro. Na ce masa ya zubar. Ya ce, "Malam, da kuɗi fa na saye shi."